Yadda zaki kalli Dance Moms ke da yaranki ba tare da shirin ya juya muku kai ba

'Yar uwa, in dai akwai yarinya 'yar shekara tara zuwa sha biyar a gidanki kuma tana samun taɓa waya ko da ta aro ce, to da wuya a ce bata taɓa cin karo da wata Baturiya mai jiki, mai baƙin gashi, tana tsaye gaban ƙaton madubi tana zazzaga wa ƙananan yara masifa ba, yaran sun jeru sun yi tsuru-tsuru iyayensu mata na gefe suna cika suna batsewa. Abby Lee Miller kenan, shirin kuma sunansa Dance Moms. An daina yinsa tun 2019 amma har yau guntayensa na yawo a TikTok da YouTube kamar jiya aka ɗauka, kuma yaranmu suna gani ko mun sani ko bamu sani ba. Ni bana cikin masu cewa a bar yara su kalli komai, haka kuma na san cewa kawai kice kar na ƙara ganin kina kallo baya tsinana komai sai dai ya koya mata kallo a ɓoye ƙarƙashin bargo. Abinda nake so in nuna miki shine yanda zaki san yadda aka ƙera shirin nan, ki gane inda gaskiya take da inda hannun furodusa yake, sannan ki iya zama da 'yarki ku kalla tare ta ɗauki mai amfanin ta watsar da dafin, domin wallahi dafin yana da yawa kuma a hankali yake shiga.

Ki fara sanin me kike kallo

Tashar Lifetime ta Amurka ce ta fara nuna shi ranar 13 ga Yulin 2011, wani kamfani mai suna Collins Avenue ne ya shirya. Wurin da ake ɗauka makarantar koyon rawa ce ta gaske, Abby Lee Dance Company, a yankin Pittsburgh da ke jihar Pennsylvania, kuma ita Abby a cikin sana'ar ta tashi don mahaifiyarta ma malamar rawa ce. Yaran da aka fara da su daga 'yar shekara 6 zuwa 13 ne: Maddie da ƙanwarta Mackenzie 'ya'yan Melissa, Chloe 'yar Christi, Brooke da Paige 'ya'yan Kelly, sai Nia 'yar Holly wadda ita kaɗai ce baƙar fata a cikinsu. Akwai kuma Cathy mai makarantar Candy Apples a garin Canton na jihar Ohio, da ta fara a matsayin ɗaya daga cikin iyayen ta koma babbar abokiyar hamayya. Daga baya Kendall ta shigo a sizin na biyu, Kalani da JoJo Siwa suka biyo baya, a 2015 Abby ta buɗe reshe a Los Angeles shirin ya karkata can. Sizin 8 aka yi gaba ɗaya, efisod sama da 200.

Abu ɗaya da ya kamata ki riƙe tun daga nan, iyayen nan sun sha faɗa daga baya cewa su da suka sa hannu sun ɗauka ɗan gajeren shiri ne na makonni kaɗan akan yara masu rawa. Da masu shirin suka ga inda kasuwa take, wato faɗan iyaye da malama, sai akalar ta koma can. Kinga kenan tun daga tushe ba rawa ake sayar miki ba, rigima ake sayar miki, rawar kuma ita ce dalilin da ya tara mutanen a ɗaki ɗaya.

Kowane efisod tafiyarsa ɗaya ce, in kin gane ta kin gama rabin aikin

Ana buɗewa da firamid, wato dalar hotuna. Ki tsaya ki kalli wannan wurin da kyau don nan ne zuciyar shirin. Hotunan yaran an manna su a jikin madubi an rufe kowanne da takarda, layin ƙasa ya fi yawa, sai na tsakiya, sai guda ɗaya tal a can sama. Yaran na tsaye a jere cikin kayan atisaye, iyaye a gefe ɗaya, Abby ta fara yaye takardun daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya tana faɗin laifin kowace, ke kin manta mataki a kan dandamali, ke ƙafarki bata miƙe ba, ke kuma babu abinda kika yi amma uwarki ta yi min rashin kunya satin da ya wuce saboda haka kina ƙasa. Ki lura da kamara a daidai lokacin, bata tsayawa kan Abby, zuwa take kan fuskar yarinyar tana haɗiye kuka tana gyaɗa kai, sannan ta juya kan uwar da ta riga ta fara huci. Minti biyar ɗin nan shi ke haifar da duk faɗan da za a yi har ƙarshen efisod. Kuma ita kanta Abby ta sha cewa wannan dalar ba al'adar makarantarta bace, masu shirin ne suka kawo ta, ma'ana an ƙirƙiri hanyar jera yara daga na kirki zuwa na banza duk sati a gaban duniya don kawai a samu abin nunawa.

Daga nan sai rabon rawa, wa zata yi solo ita kaɗai, su wa za su yi bibbiyu ko uku-uku, wa za a saka a gaba a rawar gurup wa za a tura baya, wa za a cire ma gaba ɗaya. Sai atisaye, iyayen su hau wani ɗan ɗaki a sama mai gilas suna leƙen yaran suna ɗinke-ɗinken kayan rawa da manna duwatsu masu ƙyalli suna gulma, can sai ɗaya ta tashi fuuu ta sauko ta faɗa situdiyo ta katse aiki. Sai a shiga bas a tafi gasa a wani gari ƙarshen mako, a yi kwalliya a ɗakin shiri, a hau dandamali, a faɗi sakamako, sannan a dawo ɗakin shirin a rufe da ihu. Haka yake kusan kullum. In kika nuna wa 'yarki wannan tsarin sau biyu sau uku, da kanta zata fara cewa Mama yanzu za a yi faɗan ɗakin kwalliya, kuma daga ranar da yaro ya iya hango abinda za a yi kafin a yi, shirin ya rage ƙarfi a kansa.

Yadda zaki kama hannun edita

Nan ne nake so ki ɓata lokaci. Efisod ɗaya minti arba'in da 'yan kai ne in an cire talla, alhali kwanaki aka yi ana ɗauka da kamara fiye da ɗaya, kowa da makirfo a maƙale a jikinsa. Aikin edita kamar na tela ne da aka ba shi turmin atamfa, shi ke zaɓar inda zai yanka da inda zai haɗa, kuma ɗinkin da kike gani a ƙarshe ba shine yadin da aka kawo ba. Duk abinda kika gani ya faru a gaban kamara, amma ba lallai a jere haka ya faru ba, ba kuma lallai don dalilin da aka nuna miki ba.

Abu na farko ki dinga kallon kaya da gashi. In ana cikin faɗa ɗaya kika ga uwa da gashi a ɗaure, aka juya aka dawo kika ganshi a sake, ko kofin da ke hannunta ya ɓace, ko wadda ke zaune kusa da ita ta canza, to an haɗa lokuta biyu ne aka mai da su ɗaya. Ki tsayar da bidiyon ki koma baya da sakan goma, zaki gani da idonki.

Sannan ki saurari muryar da ba a nuna bakin mai ita ba. Sau da yawa zaki ji mace na faɗin magana mai zafi amma abinda ke kan allo bayan kanta ne ko fuskar wata ko ma hoton ginin daga waje. Ki saka iyafis ki saurara, wani lokaci zaki ji sautin ya ɗan yi tsalle a tsakiyar jimla, rabin farko da ƙarfi rabin ƙarshe a hankali kamar a wani ɗaki aka faɗa. Wannan tsohuwar dabara ce a duk shirye-shiryen riyaliti, wato waɗanda ake bin rayuwar mutane ta gaske da kamara, ba Dance Moms kaɗai ba, a yanko kalmomi daga wurare daban a jona su su zama magana ɗaya. Ƙa'idar da nake bi ita ce in ban ga leɓe na motsi da maganar ba, bana ɗora wa mutum ita ɗari bisa ɗari.

Sai hirar da ake yi da su ɗaya-ɗaya suna zaune suna fuskantar kamara. Zaki ji suna magana kamar yanzu abin ke faruwa, raina a ɓace yake, ban san me zan yi ba, alhali bayan an gama komai aka zaunar da su, akwai furodusa a bayan kamara yana jefo tambaya, tambayar kuma an yanke ta ba zaki ji ba. Ki gwada ƙiyasta tambayar da kanki. In yarinya 'yar shekara tara ta ce ina ganin na fi wance cancantar solo, ki tambayi kanki wane babba ne ya zauna gabanta ya tambaye ta wa ya fi cancanta tsakaninki da ƙawarki. Yaro baya tashi haka kawai ya faɗi wannan, ruwa baya tsami banza.

Akwai kuma fuskar mamaki ko harara da ake sakawa bayan an faɗi magana, wadda ana iya ɗaukota daga ko'ina a ranar. Da kiɗa, shi ma babban makami ne, ki kashe sauti na minti ɗaya a wurin da kika ji gabanki na faɗuwa, sau da yawa abinda zai rage mata ne zaune a benci sun gaji suna jiran a tashi.

Ba zargi nake daga kaina ba. Maddie tun tana cikin shirin ta taɓa faɗa a wata hira cewa furodusoshi ne ke shirya yadda za a yi ta ihu da juna, bayan ta girma kuma ta bayyana wurin a matsayin muhalli mai guba a gare ta. Christi da Kelly sun buɗe fodkas, wato shirin hira na saurare a intanet, mai suna Back to the Barre a 2022 suna bin efisod ɗaya bayan ɗaya suna faɗin abinda ya faru a bayan kamara. Ita kanta Abby da ta sanar da barin shirin a Maris 2017 a Instagram, kukan da ta yi kenan, cewa masu shirin suna juya ta yanda suke so. Amma fa kar wannan ya sa ki ce ai duk wasan kwaikwayo ne babu komai, ba a nan gizo ke saƙar ba. Manya na iya yin faɗan ƙarya su fita su ci abinci tare, amma yarinyar da aka yi wa tsawa a gaban kamara hawayenta na gaske ne, tsoronta na gaske ne, kuma faɗan da ya kaure tsakanin Kelly da Abby a New York a ƙarshen 2013 har ya kai ga 'yan sanda da kotu, daga nan Brooke da Paige suka bar shirin, ba wanda ya rubuta wannan a takarda.

Gasar ma ki san yadda take

Yawancinmu bamu saba da irin wannan gasar ba shi yasa in aka ce wance ta zo ta biyu sai mu ɗauka duk Amurka ake nufi. A'a. Gasar rawa ta yara a can kasuwanci ce, kamfanoni masu zaman kansu ne ke zagaya garuruwa suna shiryawa a ɗakin taron makaranta ko otal, kowace makarantar rawa ta biya kuɗin shiga akan kowace rawa, kuma a ƙarshen mako ɗaya ana iya yin irinta da yawa a wurare daban-daban. Alƙalai galibi uku ne, suna ba da maki akan ƙwarewar jiki, da yadda aka tsara rawar, da yadda yarinya ta isar da ita da fuska da jiki. Ana raba yara gwargwadon shekaru, a kuma raba rawar gwargwadon nau'i, akwai bale, akwai jaz, akwai lirikal da kontemforari masu taushi da ban tausayi waɗanda Maddie da Chloe suka fi yi, akwai taf da ake yi da takalmi mai ƙarfe a ƙasa, akwai akro mai alkafura da lanƙwasa wadda Brooke ta shahara da ita, da hip hop. Yawancin rawar bata wuce minti biyu zuwa uku. Har abinda suke kira nashinal, wato gasar ƙarshen kaka da ake ta zuzutawa, kowane kamfani da nasa. Waɗanda suka yi shirin sun kuma sha faɗin cewa akan sa su maimaita rawa don kamara ta samu kusurwar da take so. Saboda haka in kika ga ana kuka ana cewa an tozarta makaranta don an zo na biyu, ki gaya wa 'yarki gaskiyar girman abin, wani lokaci maki ɗaya ne ko ma ƙasa da haka tsakanin yara biyu a wani ɗakin taro ranar Asabar, sati mai zuwa kuma akwai wata.

Kafin ki zaunar da yara, ki riga su gani

Wannan ba sai na ja ba, mu da su tarbiyya ba ɗaya ba. Kayan rawar da yawansu tsiraici ne a wurinmu, ɗan kamfai da 'yar riga iya ƙirji ga yarinya ƙarama an cika mata fuska da kwalliya da gashin ido na kanti, wasu motsin kuma basu dace da shekarunsu ba ko a ma'aunin su Amurkawan. Akwai efisod ɗin sizin na biyu a 2012 da aka sa yaran kaya kalar fata kamar basu sa komai a sama ba, surutun da aka yi a can ya sa Lifetime ta janye shi daga nunawa. Akwai zagi, akwai shan giya a wasu zaman iyayen, akwai gori akan aure da jikin mutum. Don haka ki kalli efisod ke kaɗai tukunna, ki san mintin da zaki tsallake, in kuma kika ga gaba ɗayansa bai yi ba ki ajiye shi, ba farilla bane. Yaran da basu kai shekara goma ba ni a ganina basu da abin yi da shirin nan sam, kuma 'yan maza matasa ma ba abin zama da su a kalla bane. In maigida ya ce baya so a gidansa, maganar ta ƙare a nan, sai dai duk da haka ki yi wa yarinyar bayanin abinda ta riga ta gani a waya don kar ya zauna mata a kai babu mai warware mata.

Guntayen TikTok sun fi cikakken efisod illa, don su zallar ihun ake yankowa babu atisayen babu wahalar, ga kuma masu sharhi a ƙasa suna zagin yara da sunansu. In za a kalla gara a kalli cikakke a babban allo a falo, da rana, guda ɗaya a zauna a gama a tashi, ba a bar yarinya da waya a ɗaki tana bin ɗaya bayan ɗaya har ɗayan dare data na zuba ba.

In kun zauna tare

Ki riƙe rimot a hannunki ki dinga tsayarwa. Ba wa'azi zaki yi ba, tambaya zaki dinga yi ki yi shiru ki ji. In an gama firamid kice Ummi, wannan ta ƙasan me ta yi aka sa ta a can, laifinta ne ko na mamanta? In Abby ta gyara wa yarinya kuskure kice gyaran daidai ne? yanda ta faɗa fa? Wannan rabuwar tana da muhimmanci sosai, domin gaskiya matar ta san aikinta, idonta na ganin gwiwar da bata miƙe ba da kafaɗar da ta ɗaga daga nesa, kuma sau tari abinda ta faɗa haka yake. Amma gyara daban wulaƙanci daban, kuma yarinyar da ta iya bambance su tun yanzu zata iya karɓar gyaran malaminta na boko ko na islamiyya ba tare da ta karaya ba, zata kuma gane ranar da wani babba ya wuce gona da iri ta zo ta faɗa miki.

Ki nuna mata wahalar da ke bayan minti biyun nan na dandamali. Yaran nan daga makaranta suke wucewa situdiyo su kai dare, su koyi sabuwar rawa cikin kwana biyu ko uku su hau da ita gaban jama'a, wani lokaci da ciwo a ƙafa ko a baya. Ki nuna mata yadda in ɗaya ta manta rawarta ta fito da gudu tana kuka sauran ke rufe ta da runguma, alhali iyayensu na can suna cacar baki akan wa aka fi so. Wannan shine abu mafi kyau a shirin gaba ɗaya a wurina, an yi duk abinda za a yi a haɗa Maddie da Chloe gaba, sati bayan sati ana auna su da juna, amma ki kalli bayan fage kafin ɗaya ta hau, zaki gansu riƙe da hannun juna.

Ki kuma sa ido akan Nia da mahaifiyarta Holly, wadda a farkon shirin shugabar makaranta ce mai digirin dokta a fannin ilimi. Nia ta daɗe a layin ƙasan dalar nan, an sha bata rawar da aka zaɓa mata don launin fatarta kawai, har da wadda aka ɗora mata ƙaton gashin kanti a sizin na farko, Holly kuma ta dinga nuna rashin yarda da kalamai a tsare ba tare da zagi ba, ko da yake ita ma akwai ranakun da tura ta kai bango. Nia bata gudu ba, sizin bakwai ta yi tana ƙara gogewa a hankali. 'Yarki baƙar fata ce, zata ga kanta a Nia ko kin faɗa ko baki faɗa ba, gara ku yi maganar a fili. A 2020 ma Lifetime ta yanke hulɗa da Abby bayan wata uwa baƙar fata daga sizin na 8 ta fito ta zarge ta da kalaman wariya, ita kuma ta nemi afuwa.

Sai abinda ya shafe mu mu iyaye, kuma shi ya fi min nauyi. Yana da sauƙi mu zauna muna Allah wadai da Abby, amma dalar nan muna yinta a gidajenmu ba tare da madubi ba. Ranar da aka kawo sakamakon jarabawa a tara yara a falo, ke kin ga yayarki ta zo ta ɗaya ke kullum ta ashirin, ko kin ga 'yar gidan wance ta sauke ke har yanzu kina izu goma, a gaban baƙi a gaban kowa. Wadda ake ɗorawa a sama ma bata tsira ba, ki kalli fuskar Maddie duk ranar da ta zo ta biyu, tsoro ne zalla, don an koya mata cewa soyayyar da ake mata a kan kofi take rataye. In kin kalli shirin da wannan idon zaki tsinci kanki kina canza yadda kike magana ranar karɓar sakamako, ki kira kowace ita kaɗai a ɗaki, ki auna ta da inda take zangon baya ba da 'yar uwarta ba.

In ta ce ita ma tana so ta yi suna irin nasu

Zata faɗa, don ta ga Maddie ta fito a bidiyon mawaƙiya Sia a 2014 duniya ta santa, ta ga JoJo Siwa ta zama kamfani guda da ribon ɗinta na gashi. Kar ki gwale ta, ki bata labarin gaba ɗaya. Maddie da Mackenzie sun bar shirin a 2016, kuma lokacin da Lifetime ta tara tsofaffin yaran a Mayun 2024 don zaman tuna baya, su biyun da Nia basu je ba, waɗanda suka je ɗin ma hawaye aka sha ana tuna abubuwan da suka faru tun suna firamare. Ita Abby an gurfanar da ita a 2015 kan ɓoye kuɗin shiga kusan dala 755,000 lokacin da take shari'ar karayar arziki, ta amsa laifi a 2016, a Mayun 2017 aka yanke mata shekara ɗaya da kwana ɗaya, bayan fitowarta a 2018 aka gano tana da wani nau'in ciwon daji da ya taɓa mata laka, a keken guragu ta dawo ta yi sizin na ƙarshe a 2019. Ba don a yi mata dariya nake kawo wannan ba, ciwo na kowa ne Allah ya ba marasa lafiya lafiya, na kawo ne don yarinya ta san kamara na kashewa rayuwa ta ci gaba da nauyinta.

Ki kuma gaya mata cewa su a can akwai dokoki ma, Kalifoniya na da dokar Coogan tun 1939 wadda a yanzu ta wajabta a ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin yaro ɗan wasa a ajiye masa har ya girma, Pennsylvania ma ta gyara dokarta ta aikin yara a 2012 ta shigar da yaran shirye-shiryen riyaliti, amma duk da haka kin ga yadda aka ƙare. To ina ga yarinyar da za a ɗora a TikTok daga tsakar gida babu kwantiragi babu lauya babu mai goge bidiyon in ta girma ta ce bata so. In motsa jiki take so da gaske akwai hanya a cikin gida, ita da 'yan uwanta mata, miƙe jiki da tsalle da igiya da rawar biki ta mata zalla, waya kuma a ajiye ta a gefe. Alkafura da lanƙwasa baya irin na Brooke dai kar ki bari ta gwada a kan siminti don ta gani a allo, waɗancan shekaru suka yi suna koya akan katifar atisaye da malami a tsaye, kuma ita Brooke ɗin ma tun tana ƙarama take kukan ciwon baya a cikin shirin.

Ta ina zaki fara

Sizin na ɗaya da na biyu sun fi kusa da rayuwar makarantar ta ainihi, yaran sun san juna tun kafin kamara ta zo, iyayen ma basu gama sanin me ake nema a wurinsu ba. Daga sizin na huɗu zuwa sama kan mage ya waye, ana ta shigo da sabbin iyaye waɗanda sun kalli shirin a gida sun san ihu ne ke sa a nuna mutum, rigimar ta yi yawa rawar ta ragu, ni bana ba da shawarar ki kai yara can. In kina son ki gwada da wani salon malanta, akwai Bring It! da Lifetime ta fara a 2014, akan ƙungiyar Dancing Dolls ta garin Jackson a jihar Mississippi, 'yan mata baƙaƙen fata ƙarƙashin Dianna Williams da suke kira Miss D, ita ma tana da zafi sosai amma zaki ga tana jan yaran a jiki tana tsaya musu, sai dai kayansu da motsinsu su ma sai kin tace kafin ki nuna. Akwai kuma sabon Dance Moms da manhajar kallo ta Hulu ta fito da shi a Agustan 2024 da wata malama Gloria Hampton a makarantar Studio Bleu ta jihar Virginia, sabbin yara sabbin iyaye amma dalar hotunan na nan, don haka duk dabarun da na lissafa miki a sama za su yi miki aiki a kansa. Ki sauke efisod ɗin da kika tantance da daddare lokacin da data ke da sauƙi, ki rubuta mintunan da zaki tsallake a takarda, ranar Asabar bayan an gama aikin gida ku zauna ku kalla.